Ko Tururuwa Ba Ta Leƙo Ba

Likita ya ce Baba Tanimu ya yi sallama da sukari.
Ni ce mai murhu,
don haka a kaina maganar ta sauka.

A Taminus mai shago ya jera mini robobi uku.
Na farko daga ganye aka tatso shi,
bakin cokali ya ishi butar shayi,
amma kana haɗiyewa ɗaci zai biyo sawu,
baƙon da aka raka ya dawo.
Na biyu fari fat, sak na gaske,
yana sanyaya harshe
kamar ruwan alwalar asuba a Unguwar Rogo.
Na uku, kuɗinsa ne ya janye mini hannu.

Na biyun na saya.
Kek ya ƙi yin ja,
ya fito fayau kamar mai jinya.
Garin da ya zube a tebur ya kwana nan,
ko tururuwa ba ta leƙo ba.

Baba ya gutsura, ya daɗe yana tauna,
idonsa na kan taga.
"Ba laifi," in ji shi.
Na san kara ya yi mini.

Can sai ya turo faranti:
"Lantana, yanko mini wancan gefen
da ya ɗan ƙone."