Kuza a Tsakiya

Shekara ashirin da uku alli na cin yatsuna,
ina jera ilimi daga sama zuwa ƙasa,
na ɗaya, na biyu, na uku,
kamar mai lissafin bashin kanti.
Sai ga shugabar makaranta da kwali a hammata:
"Malam Tanimu, ga majigi, ga kwamfutar hannu,
taswirar tunani ake yayi yanzu."
Na ce to, kiɗa ya sauya,
sai dai ƙafar mai rawa tsohuwa ce.

Ran Litinin, sanyin Jos na cizon kunne,
aji biyu, ƙaramar sakandare, can Gangare,
na latsa gilashi, da'ira ta fito a bango.
Na dasa kalma guda a cibiyarta: KUZA.
Na ce kowa ya zo ya tsiro mata reshe.

Shiru.
Sai Kachollom ta taso, rigar sanyinta ta fi ta girma,
ta ja koren reshe, ta rubuta gona,
a ƙarƙashi: ta kakata, rami ya cinye.
Zulai ta ja jan reshe: jirgin ƙasa.
Izang ya sa gwangwanin madara, aji ya ɓarke da dariya,
na ce ku ƙyale shi, da gaskiyarsa,
da kuza ake shafe gwangwani.
Nanret ta rubuta tafki, ta goge,
ta sake rubutawa.
Ba ta ambaci yayanta ba,
mu ma ba mu tambaya ba.

Kafin ƙarfe goma bango ya zama gamji.
A ja reshe da ɗan yatsa ya matsa ba gardama,
ba ƙura, ba tsumman gogewa.
Darasin da na tsara cikin layi bakwai
na kwance a aljihuna kamar tsohon rasit.

Can baya, gefen tagar da aka toshe da kwali,
Mamuda mai in'ina,
wanda zango biyu ban ji muryarsa ba
sai "na'am" in an kira suna,
ya taho yana goge tafi a wando.
Ya tsiro ɗan reshe: kakana, lebura, daga Gumel, a ƙafa.
Sa'an nan ya yi abin da ban koya wa kowa ba.
Ya ɗora yatsa a kan kakansa,
ya ja siririn layi,
ya ratsa jirgi, ya ratsa gwangwani,
ya sauke shi a gonar Kachollom.
Manhaja ta buɗe gurbi tana neman sunan layin.
Ya daɗe tsaye.
Ya rubuta: rami ɗaya.

Kachollom ta dubi bango, ta dube shi.
"Ya koma gida?"
Ya girgiza kai.
"Ita ma ba ta sake shuka acca ba."

Nan wuta ta ɗauke, ba sallama, kamar kullum.
Bango ya koma bango, da tsagarsa, da tsohon fentinsa.
Amma gamjin na nan a tafin hannuna, ya ƙanƙance,
kawuna talatin da takwas suka rufe ni,
numfashinsu na dusashe gilashi,
har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya ji.

Da dare na buɗe taswirar a bakin gado,
ina neman inda zan rataya nawa reshen.
Mahaifina akawun kamfani ne.
Shi ke zama da littafi a bakin ramin,
yana ƙirga kwanuka, yana yanke ladan wanda ya makara,
da kuɗin nan aka saya mini allina na farko.
Na rubuta: babana.
Saura layin.
Yatsana na rataye bisa gilashi
har shayi ya huce.