Ƙullin Zare

A Shiyar Madunka nake ɗinkin fata,
jar akuya wadda ta sha bagaruwa.
La'asar sakaliya nakan rufe rumfa,
in wanke hannu, jan ba ya fita,
in nufi gindin darbejiyar Malam Gidado
inda allon ces ke jira bisa benci.

Tsohon ɗan safiyo ne. Ya auna filaye
tun daga Wamakko har Kware,
yau gida sittin da huɗu suka rage masa
kuma ko ɗaya ba na sayarwa ba ne.

Ni ke da farare. Sojan sarki, taki biyu.
Shi nasa taki ɗaya tak,
kamar mai taɓa rairayi da tsakar rana ba takalmi.
Na sarauniya ya biyo, ya tsaya ƙyam.
"Wanga tsaron Faransa na," in ji shi,
"taho, ɗan Madunka, ƙohwa buɗe take."
Na taho. Goshina ya ba da labari.

Wata uku ina tunkuyin katanga.
Na ba da doki, na ba da giwa,
in na tura soja ya tokare tsakiya
sai tsohon ya zagayo ta gefen sarauniya
ya ci gindin sahuna kamar gara,
ya kurɓi shayi, ya ce, "A jera kuma?"
Haliru mai tsire na zana kayena
da gawayi a bangon kanti.
Ya kai arba'in da ɗaya, gawayin ya ƙare.

Ran wata Talata Inno Maiɗaki
ta kawo jakar marigayi mijinta,
ta ce a farke, a sake, kar a ɓata fatar.
Na sa basilla ina lalube.
Ɗinki ba a jan sa daga tsakiya,
ko yaron shago ya san wannan:
ƙullin ake nema, can ƙarshe, inda ya ɓuya,
a tsinke shi, zare ya biyo hannu.
Na tsaya da basilla a sama
har Inno ta ce, "Lahiya dai?"

Daren nan ba wuta. Da fitilar waya
na zana allo a bayan kwali,
guntayen fata suka zama runduna.
Ga sojansa uku a karkace,
kowa ya jingina da na baya,
na ƙarshen ba shi da kowa sai sarki.
Ga giwarsa ta fararen gidaje,
'ya'yanta sun gine mata hanya,
tana da hauri, ba ta da ƙofa.
Ashe katanga biyu ya gina:
ɗaya domina, ɗaya domin kansa.

Laraba ban yi gaggawa ba.
Na fara ɗaure nawa ƙullin, na ƙara masa zare.
Ya zagayo, ya tarar da gida a kulle.
Sannan sojan gaban giwar sarkina,
taki biyu. Na jira. Taki ɗaya.
Ƙuda ya faɗa shayinsa bai gani ba.
Haliru ya bar nama na ƙuna.
Da na tsinke na ƙasan
sahu ya warware kamar ɗinkin sauri,
giwar na nan inda aka haife ta.

Ana kiran magariba ya kwantar da sarki
da ɗan yatsa, a hankali, kamar jinjiri.
"Wa yag gwada ma?"
Na ce, "Jakar Inno."
Bai tambayi wace Inno ba. Ya nemi buta.

Alhamis na zo da sabuwar hula.
Sojan sarki, taki biyu.
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya ɗauki sojan gaban giwar sarauniya,
shi ma taki biyu.
"Wanga kau na Sisiliya na."
Haliru ya goge hannu a riga
ya tafi neman gawayi.