Furen Ƙarfe

Ranar Laraba muke buɗe akwatin ƙarfe,
ni da tsoho Elwood, a ɗakinsa na ƙasa
a Torrington, inda sanyi ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa
kamar mai bin bashi.
Shekara uku ke nan hannunsa ya daina jin maganarsa,
cokali ma gardama yake yi masa,
sai na zama hannunsa.
Aikin da aka ɗauke ni, ba shi magani da juya shi a gado.
Ba wanda ya gaya mini akwai libarba talatin da ɗaya
kwance a jan karan-miski, kowace da ɗakinta.

"Sa safar hannu, Tabawa. Gumi yana cin ƙarfe."

Na ɗauko ta farko. Nauyinta ya fi kamarta.
Daga mariƙin hauren giwa har bakin bututu
ganye ne ke bin ganye, reshe ya naɗe ya koma kansa,
ga kan kerkeci ya leƙo ta bayan kunama,
ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar gero uku ba.

Ya ce wannan a masana'anta aka zana ta,
kafin ta san hasken kasuwa.
Ga takarda, ga lamba, ga ranar da ta hau jirgin ƙasa.
Waccan kuwa daga baya wani ya yi mata kwalliya,
kyakkyawa ce, amma ba ta da asali.
Na ce, ashe har bindiga ana binciken danginta.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ba a taɓa harba ta ba," in ji shi,
da muryar mai yabon ɗiyarsa.
Shekara ɗari da arba'in bakinta a rufe.

Na yi shiru.
A garinmu, bayan Tsafe, bindiga ba ta da fure.
Wadda ta zo gonarmu da damina
da tsumma aka ɗaure gindinta,
ba takarda, ba lamba,
kuma ta yi magana.
Sau ɗaya ta yi, yayana Jatau bai amsa ba.
Ban gaya wa tsoho ba. Na ci gaba da shafa mai.

Amma da dare tambaya ta hana ni barci:
wane ne ya zauna bakin taga
da 'yar guduma da tsinken ƙarfe,
yana shuka lambu a jikin ajali?
Ko ya ɗauka in ta yi kyau ainun
za a ji kunyar ɗana ta?
Sunansa ba ya jikinta. Na duba.

Wata Laraba tsoho ya ce in kawo gilashin dubawa.
"Nan, ƙarƙashin ganye na huɗu."
Wani ɗan kaucin layi, siririn gashi,
inda hannun mai zane ya zame
ya kuma lanƙwasa kuskuren ya mai da shi toho.
"Don wannan na saye ta.
A nan kaɗai nake jin numfashinsa."

Ya rasu kafin dusar ƙanƙara ta narke.
Ɗiyarsa ta zo daga Ohio da mutumin gwanjo,
suka rataya wa kowace farar takarda a wuya.
Na riƙe musu fitila.
Mutumin ya juya ta farko, ya ce ba ta da aibu ko ɗaya.

Na cire safar hannu.
Na sa ɗan yatsa a ganye na huɗu,
na bar gumina a wurin.