Waya Ɗaya a Kwatas ɗin Reluwe

Gidanmu na Kafanchan, kwatas ɗin reluwe,
an gina shi tun ana kashe fam da sule,
kaurin bangonsa ya kai kamu guda.
Rawuta tana falo tana ƙifta koren ido,
ƙarfinta kuwa ko ɗakin Inna ba ya tsallakewa,
a bakin kicin yake mutuwa
kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa.

Mu uku ne a ɗakin baya:
Tanimu da kwamfutarsa ta zanen gidaje,
ni da tawa, da firinta mai tari
da nake buga wa ɗaliban jinya takardu,
sai talabijin ɗin Baba
mai son labaran ƙarfe tara.

Waya ɗaya kuɗinmu ya kai.
Mita talatin, shuɗiya.
Ishaya mai wayarin ya huda bango da la'asar,
ya lallaɓa ta ƙarƙashin kwano,
ƙusa bayan ƙusa, yana tsaki saboda gidan zanzaro,
har ta sauko mana da kai ɗaya tak.
Kai ɗaya, ramuka uku sun buɗe baki.

Mako biyu muna zare ka soka.
Ina tsakiyar tura aiki, Tanimu ya fizge.
Baba na jin farashin taki, na fizge.
Har ɗan harshen robar ya karye,
muka riƙa tokare shi da tsinken ashana,
gaisuwar safe ma ta fara gajarta.

Ranar Laraba Tanimu ya dawo daga Kakuri
da ɗan akwati, bai fi sabulun wanki ba,
baki biyar a jere, wai shi suwic.
Shuɗiyar ta shiga na farko,
gajeru uku suka fita,
fitilu suka kama ƙyaftawa, kowace da saurinta.

Baba ya gyara tabarau, ya daɗe bai ce komai ba.
Shekara talatin da ɗaya ya yi yana juya layi.
Can ya ce, "To, ai aikina ne wannan.
Dogo ɗaya ke tasowa daga kudu,
a nan ake raba shi, wannan Jos, wancan Kaduna.
Kowane tarago da sunan tasharsa a jiki.
Karanta, ka ja ƙarfe, ka bar shi ya wuce.
Amma wa ke ciki yana ja?"

Tanimu ya ce babu kowa.
Baba ya ce, "Uhm."

Da dare aka ɗauke wuta, akwatin ya yi shiru.
Na ji dariyarsa cikin duhu:
"Ni da fitilar kananzir nake aiki,
ruwan Agusta na dukan wuyana,
ban taɓa haɗa jirgi biyu goshi da goshi ba."

Yanzu ya bar kallon labarai sosai.
Kujerarsa ya juya wajen teburin,
yana ƙirga ƙiftawar kamar mai jiran usur.
Jiya na kawo wata waya zan soka a baki na biyar,
ya dafe wurin da babban yatsa.
"A'a, Ladidi. Bar wannan.
Tashar kirki ba ta cika layinta duka.
Ba ki san wanda zai iso cikin dare ba."