Mai Tura Keke

Shekara talatin da ɗaya ina bayan keke,
daga Safa zuwa Marwa, daga Marwa in juyo.
Na tura tsohuwar Jawa mai nauyin ƙunshin auduga,
na tura Baturken da ya kai buhun gero uku.
Taya ba ta taɓa shafar dunduniyar kowa ba
muddin mariƙin yana hannuna.

Haka na riƙe gidanmu na Misfala.
Ni ke ƙirga tamis ɗin safe, ni ke raba ful,
makullin akwatin riyal yana wuyana ko a wanka.
Habi ta ce, "Ilu, mu fa ba alhazanka ba ne."
Na ce keken da aka saki bango yake nema.
Ta kwashe kwanuka daga gabana.

Sai ciwon suga ya ci yatsu biyu,
ya lashe baki, ya dawo ya karɓi ƙafar har gwiwa.
Daren ashirin da bakwai ga azumi
Ya'u ya ciccibe ni kamar kayan wanki,
ya zaunar da ni inda ban taɓa zama ba,
ya koma bayana.

"Dama! Sassauta! Ba ka ga matar can ba?
Wa ya koya maka kwana haka?"
Na damƙi tayoyin har tafina ya saluɓe.
Zuwa uku, ko tasbihi ɗaya babu,
sai tsawa a bakina.

A na huɗu, ƙarƙashin korayen fitilu,
yaron ya sunkuyo, guminsa na ɗiga a kafaɗata:
"Baba, in ka riƙe taya, ni ka riƙe."
Bai ƙara ba.
Na ɗaga hannuwan nan masu kanta,
ɗaya na aza a gwiwa, ɗaya a kan dungu.
Keken ya tafi ba da izinina ba,
ya tafi da ni da ɗana.

Ashe rufin nan yana da ado.
Ni ƙeya da ƙasa kawai na sani.
Ya'u ya gogi ƙafar wani dogon Basudane,
na runtse ido ina jiran faɗa,
mutumin ya juyo, ya yi murmushi,
ya dafa kaina.

Nan na tuna uwar da ta fara wannan gudun.
Sau bakwai ta kai ta komo tana neman ruwa,
ruwan kuma bai ɓullo inda ta taka ba,
ya ɓullo wurin yaron da ta ajiye.
Na yi kuka har Marwa.
Ban share ba, na bar shi ya jiƙa gemuna.

Da sahur Habi ta ce, "Tamis nawa za a sayo?"
Na ce, "Yadda kika gani."
Ta daɗe tana dubana.
Makullin yana kan firji tun ranar,
ban san wa ke ɗauka ba.
Shayi ya zo, babu suga, ba yadda nake so ba.
Na sha. Ya sauka har raina.