Mai Roba a Kunne

Tun daga Omalo ta biyo mu,
baƙar karya, ƙafa ɗaya na ɗingishi,
an maƙala mata roba rawaya a kunne.
Na duƙa na ɗauki dutse.
Tsisana ta riƙe min hannu:
"Ajiye. An yi mata allura, shaidar ke nan.
Ba ta kowa ba ce. Hanya take raka mutane."

Ni da na ga haukan kare da idona,
na ga yaron da ruwan sha ya zame wa dodo,
yaya zan ba da amana ga guntuwar roba?

Da la'asar muka kafa tanti a gefen rafi,
ruwan ƙanƙara na ta gunaguni kan duwatsu.
Tsisana ta tattara cuku, burodi, gwangwanin kifi,
har man goge baki, har ɓawon tuffa,
ta ƙulle a jaka, ta ƙirga taku ɗari,
ta rataye a reshe.
"Beyar ba kai take nema ba, hancinta ke jan ta.
Kada ka kwana da abincinka."

Na ce, kyarkeci fa?
Ta yi dariya har da tari.
"Shekara talatin ina hawan dutsen nan,
sau biyu na hango wutsiyarsa.
Abin tsoro a nan yana da ubangida.
Ka ga tumakin can a gangare?
In karnukansu suka taso, kada ka gudu.
Kada ka dube su ido cikin ido.
Tsaya kamar kututture, ka kira mai su."

An ce tsoro na daji, kunya ta gida.
Ni duka biyun na ɗauko.
Kunya ta hana ni tashin Tsisana
da fitsari ya matse ni tsakar dare,
na fita ba tocila, ba sanda, takalmi ɗaya.

Ban ji zuwansu ba.
Numfashi na fara ji, sai gurnani,
irin wanda ƙirji ke ji kafin kunne.
Uku ne, kowanne ya kai ɗan maraƙi,
an datse musu kunnuwa tun suna ƙanana.
Ƙafata ta ce gudu.
Na ce mata tsaya.
Sunan makiyayin ya ɓace min fat,
salati kaɗai ya rage a baki.

Sai ga ta.
Daga ina? Oho.
Ta ratsa ta gabana da ɗingishinta,
ta yi haushi siriri, abin dariya,
ta ja su zuwa rafi, suka rufe ta.
Na ji kukanta sau ɗaya.
Can sama wani ya yi fito mai tsawo,
fitila ta gangaro tana lilo,
Ushangi ne, cikin rigar gashin tumaki,
yana zagin karnuka da sunayensu.

Ya haska fuskata, ya haska ƙafata,
ya ce wani abu. Tsisana ta fassara:
"Wai kun kafa tanti a kan hanyar garke.
Wai su aikinsu suka yi."

Ban yi musu ba.

Da gari ya waye tana bakin tanti,
kunnen a yage, jini ya bushe,
robar babu.
Na sauke jakar daga reshe,
na ba ta cukun duka, rabona da na Tsisana.
Ta ci ba ta dube ni ba.

A mararraba muka gamu da wasu matafiya,
biyu, jajayen jakunkuna, suna komawa ƙasa.
Ta shinshina iska, ta bi su.
Ɗayan ya dubi kunnenta,
ya duƙa yana neman dutse.

Na ɗaga murya da duk harshen da na sani.
Robar tana aljihuna,
a ciyawa na tsince ta, da raɓa a jiki,
na miƙa ta sama ina kaɗawa,
rafi ya fi ni murya.