Layi na Tara

Takardu saba'in da uku a kan tabarma,
ni da fitilar caji mai ido ɗaya,
a Rafindaɗi, bayan sallar isha'i.
Jan biro ya sha rabin tawadarsa.

Tun watan jiya aka kawo na'ura makaranta.
Ka miƙa mata rubutu, kafin ka gyara zama ta faɗi maki.
Ba ta ciwon baya, ba ta jiran albashi,
ba ta da yaron da ke tari a ɗaki.
Shugaba ya ce a gwada: ki duba, ita ma ta duba,
ranar Litinin a ga wanda ya fi ido.

Haliru ya yi rubutu a kan ubansa,
mai faci a bakin Ƙofar Ƙwaya.
Turancinsa katangar laka ce a tsakiyar damina,
nan ta tsaya, can ta zube.
'Yar kalmar nan mai harafi uku
da Bature ke ajiyewa gaban suna,
sau goma sha tara ya baro ta a gida.
Jiya ta koma yau, yau ta koma gobe.
Amma a layi na tara ya ce:
Baba kan nutsa robar taya cikin ruwan daro,
ya yi shiru, yana jiran kumfa,
haka yake kallona in na ce masa lafiya lau.

Na ajiye biro. Na sake karantawa.
Na'ura ta ba shi shida cikin ashirin.

Ta ba Nusaiba goma sha takwas.
Kalmomi dogaye kamar layin mai,
kowace ta sha guga,
waƙafi a gurbinsa, aya a gurbinta.
Na shiga gidan, ɗaki ɗaki ina sallama,
ba wanda ya amsa.

To, yabon kai jahilci.
Litinin ta zo da nata kayan.
Takarda ta goma sha ɗaya da ta sittin da huɗu
ashe abu ɗaya ne, har kuskuren tagwaye,
Sahabi da Mudi, 'yan benci guda.
Na farkon na ba shi goma sha huɗu, tuwo bai gama sauka ba.
Na biyun tara, fitila ta fara lumshe ido.
Ita kuwa maki ɗaya ta ba su, ta ɗaga musu tuta.
Ba ta san ɗan wane ba.
Ni na san uwar Sahabi, adashinmu ɗaya.
Na dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi tsagewa.

Ba na musu, mudunta ba ya tauyewa,
na safe shi ne na dare.
Sai dai mudu bai taɓa ɗanɗana geron da ya auna ba.

Shidan Haliru na bar shi inda ta sa shi,
kuskuren nasa ne, kuma babbar jarrabawa ba ta san Baba ba.
A ƙarƙashi, da ragowar tawada, na rubuta:
Layi na tara, na gani.
Ka same ni Laraba bayan tashi.
Zo da takardar nan, ni zan kawo daro,
mu nemo inda iska ke fita.